Claude Shannon (1916-2001): Mutumin da Ya Auna Magana

Gabatarwa

A cikin wannan rubutu zan kawo taƙaitaccen tarihin wani masanin lissafi ɗan ƙasar Amurka mai suna Claude Elwood Shannon. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin harshe da masanin lissafi? Abin da ya haɗa su shi ne, wannan mutum ne ya nuna cewa ana iya auna saƙo kamar yadda ake auna hatsi da mudu, kuma da harshen ɗan'adam ya yi gwajinsa. Ya ƙirga haruffa, ya lura da wanda ke bin wani, sannan ya gano cewa kaso mai yawa na abin da muke rubutawa rara ce, wadda za a iya cirewa ba tare da saƙon ya salwanta ba. Daga wannan bincike aka samu fasahar matse bayanai, wato rage girman fayil a kwamfuta. Daga baya kuma aikin matse bayanan ya zama ɗaya daga cikin jarrabawowin da injiniyoyi ke yi wa ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake kira furosesa, domin su san saurinta. Za mu bi rayuwarsa daki-daki don mu ga yadda hakan ya faru.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Claude Shannon ranar 30 ga watan Afrilu, 1916, a garin Petoskey da ke jihar Michigan a arewacin Amurka, amma a wani ƙaramin gari mai suna Gaylord ya tashi. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ya kuma taɓa riƙe muƙamin alƙalin rabon gado. Mahaifiyarsa Mabel malamar koyar da harsuna ce, har ta shugabanci makarantar sakandaren garin. Yana da yaya mace mai suna Catherine, wadda ita ma ta ƙware a lissafi.

Tun yana yaro yake da son ƙere-ƙere. Abin da aka fi tunawa da shi a ƙuruciyarsa shi ne wayar tangaraho da ya haɗa tsakanin gidansu da gidan wani abokinsa, mai nisan kusan rabin mil. Bai sayi waya ba. Ya yi amfani da waya mai ƙaya ta shingen gonaki, wadda dama take shimfiɗe tsakanin gidajen biyu. Haka kuma ya yi aikin kai wa mutane saƙon tangaraho a kamfanin Western Union.

A tsarin tangaraho na Morse, kowane harafi yana da alamarsa ta ɗigo da zane. Harafin E, wanda ya fi kowane yawan fitowa a Ingilishi, ɗigo ɗaya kawai aka ba shi. Harafin Q kuwa, da ba kasafai ake ganinsa ba, alamomi 4 ne. Ke nan abin da ake yawan faɗa an gajarta shi, abin da ba a cika faɗa ba an bar shi da tsawo. Shekaru da yawa bayan haka Shannon ya kawo wannan misali a babbar maƙalarsa.

Neman Iliminsa

Ya gama sakandare a 1932, ya shiga Jami'ar Michigan, inda a 1936 ya fito da digiri biyu a lokaci guda, ɗaya a lissafi, ɗaya a injiniyancin lantarki. A can ne ya haɗu da aikin George Boole, wani Baturen Ingila da a 1854 ya wallafa littafi yana nuna cewa ana iya yin lissafi da maganganu masu ƙima biyu kacal, gaskiya ko ƙarya.

Daga nan sai ya wuce cibiyar fasaha ta MIT da ke jihar Massachusetts. An ba shi aikin kula da wata ƙatuwar na'urar lissafi ta Vannevar Bush, wadda ta cika ɗaki, tana aiki da sandunan ƙarfe da giya-giyai. Na'urar tana da makunnan lantarki fiye da 100, kuma a lokacin injiniyoyi da lalube da gwaji suke tsara irin waɗannan makunnai. Shannon ya lura cewa makunni ma yanayi biyu gare shi, a kunne ko a kashe, daidai da gaskiya da ƙaryar Boole. Idan aka jera makunnai biyu a kan waya ɗaya, wuta ba ta wucewa sai an kunna wannan da wancan. Idan kuwa aka ba kowanne tasa wayar, kunna wannan ko wancan ya isa. Ashe kalmomin nan biyu, DA da KO, ana iya gina su da waya.

Wannan shi ne batun kundin digirinsa na biyu, wanda ya rubuta a 1937 yana ɗan shekara 21, aka buga shi a 1938. Wasu masana a Japan da Tarayyar Sobiyat sun kai ga irin wannan tunani a waɗannan shekaru, amma aikin Shannon ne ya fi yaɗuwa, kuma a kan wannan tushe ake tsara kowace furosesa. A 1940 ya samu digirin digirgir a lissafi, da kundi a kan ilimin gadon halitta. Bayan haka ya yi shekara guda a cibiyar bincike mai zurfi ta Princeton. A 1940 ɗin ne ya auri Norma Levor, amma auren bai daɗe ba, suka rabu a 1941.

Shekarun Yaƙi

A 1941 ya kama aiki a Bell Labs, sashen bincike na babban kamfanin tarho na Amurka. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, don haka aka sa shi aikin na'urorin saita bindigogin harbo jiragen sama, sannan aikin rubutun sirri. A farkon 1943 masanin lissafin nan na Ingila, Alan Turing, ya zo Bell Labs ya yi 'yan watanni. Sukan haɗu wajen shan shayi. Dokar sirri ta hana kowannensu faɗa wa ɗan'uwansa abin da yake yi, sai suka riƙa hira a kan ko na'ura za ta iya yin tunani.

Rubutun sirri kamar zaurance ne, sai dai da lissafi ake yin sa. Mai son warware shi yana dogara ne da halayen harshe. Tun a ƙarni na 9 masanin Bagadaza al-Kindi ya bayyana cewa idan ka san harafin da ya fi yawa a harshe, to alamar da ta fi yawa a saƙon sirri wataƙila shi take wakilta. Shannon ya mayar da wannan dabara lissafi a wani rahoton sirri na 1945, wanda aka fitar wa jama'a a 1949. Ya nuna cewa rarar da ke cikin harshe ita ce ƙofar da mai warwarewa ke bi. Ya kuma tabbatar da cewa akwai tsarin da ba ya warwaruwa sam: wanda mabuɗinsa ya kai tsawon saƙon, aka zaɓo shi ba bisa wani tsari ba, aka kuma yi amfani da shi sau ɗaya tak.

Maƙalar 1948

A watannin Yuli da Oktoba na 1948, mujallar fasaha ta kamfanin Bell ta buga maƙalarsa a kan ra'in sadarwa ta fuskar lissafi. Yana da shekara 32. A cikin wannan shekara ce kamfanin ya sanar da ƙirƙiro tiransista. Kafin shi, Harry Nyquist a 1924 da Ralph Hartley a 1928 sun taɓa batun, kuma ya ambace su.

Abu na farko da ya yi zai iya ɓata wa ɗalibin harshe rai, domin ya ajiye ma'ana a gefe. A wurin injiniya, saƙo zaɓi ne daga cikin saƙonnin da ke iya zuwa, kuma aikin waya shi ne ta isar da wannan zaɓi, ko waƙa ce, ko hoto, ko lissafin kuɗi. Girman bayanin da saƙo ke ɗauke da shi kuwa ya danganta ga yawan shakkar da ya kawar. Wanda ya ce maka gobe rana za ta fito daga gabas bai ƙara maka komai ba. Wanda ya faɗa maka sakamakon jarrabawarka ya ba ka labari.

Ma'aunin da ya yi amfani da shi sunansa bit, kalmar da ya ce abokin aikinsa John Tukey ne ya ƙirƙira. Bit ɗaya shi ne amsar tambaya ɗaya ta e ko a'a, idan amsoshin biyu sun yi kunnen doki. A ce abokinka ya zaɓi ɗaya daga cikin katuna 8. Idan kana raba su biyu a kowace tambaya, tambayoyi 3 sun isa ka gano katin: daga 8 zuwa 4, zuwa 2, zuwa 1. Ke nan zaɓin nasa bit 3 ne.

Ga inda maganar ta shafi matse bayanai. A ce wani harshe yana da haruffa 4 kawai: A, B, C, D. Idan aka ba kowanne bit 2, saƙo mai haruffa 1,000 zai ci bit 2,000. To amma a ce rabin haruffan saƙon A ne, kwata B ne, C da D kuma kowanne ɗaya bisa takwas. Sai mu ba A alamar 0, B alamar 10, C alamar 110, D alamar 111. Yanzu A 500 za su ci bit 500, B 250 za su ci 500, C da D kowanne 375. Jimla 1,750. An rage bit 250, kuma ba harafin da ya ɓata. Shannon ya tabbatar da cewa kowace maɓuɓɓugar saƙo tana da iyaka irin wannan, wadda ya kira entirofi. Ana iya matse saƙo har a kusanci iyakar, amma ba wata dabara da za ta sauka ƙasa da ita ba tare da an yi asarar wani abu ba.

Haka kuma ya tabbatar da cewa kowace hanyar sadarwa tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma muddin ba a wuce iyakar ba, ana iya isar da saƙo kusan ba kuskure ko da akwai hayaniya a kan layi. Dabarar ita ce a ƙara wa saƙon rara mai tsari, wadda za ta taimaka a gyara abin da ya lalace a hanya. A 1949 aka buga maƙalar a matsayin littafi, tare da sharhin Warren Weaver.

Wasan Cankar Haruffa

A ranar 27 ga Maris, 1949, Shannon ya auri Betty Moore, ma'aikaciyar lissafi a Bell Labs. Sun haifi 'ya'ya 3, kuma ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen rayuwarsa. Tana cikin waɗanda ya yi gwajinsa na harshe da su, wanda aka buga a 1951.

Ba shi ne farkon mai ƙirga haruffa ba. A 1913 masanin Rasha Andrey Markov ya ƙirga baƙaƙe da wasulla a haruffa 20,000 na wani littafin Pushkin. Amma Shannon ya zo da wata hanya mai sauƙi. Yakan buɗe littafi, ya ce wa mutum ya canki harafin da ke biye. Idan bai dace ba ya sake, har ya dace, shi kuma yana rubuta sau nawa aka gwada. Ingilishi yana da haruffa 26, idan aka haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi sun zama 27. Da a ce duk daidai suke wajen fitowa, kowanne zai ɗauki bit kusan 4.76. Gwajin ya nuna cewa mutumin da ya ga haruffa 100 da suka gabata, abin da ya rage masa na shakka bai wuce tsakanin bit 0.6 da 1.3 a kowane harafi ba. Wato kusan kashi 75 cikin 100 na rubutaccen Ingilishi rara ce.

Mu gwada da Hausa. Idan aka rubuta BARKA DA ZU, ba mai jin Hausar da zai kasa cike WA. Waɗannan haruffa biyu ba su kawo labari ba, domin an riga an san su. Haka nan a rubutun boko na yau da kullum ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali. GARI na mazauna da GARI na tuwo iri ɗaya ake rubuta su, amma wanda ya karanta cewa an tankaɗe gari ba zai yi zaton birni ba. Bahaushe yana maido da abin da aka cire daga cikin kansa. Mu da muka koyi harshen a aji mun fi kowa sanin darajar wannan, domin a shekararmu ta farko nan muke tuntuɓe. Rubutun bai canza ba, ƙwarewarmu ta canka ce ba ta kai ba.

Shannon ya ƙara da wani tunani. A ce mai cankar yana da tagwai wanda tunaninsu ɗaya ne sak. Ba sai an aika masa da rubutun ba. Ya isa a aika masa da jerin lambobin, wato an dace a gwaji na 1, na 1, na 3, na 1, shi kuma zai sake gina rubutun gaba ɗaya. Tun da yawancin lambobin 1 ne, jerin yana matsuwa ƙwarai. Ke nan iya canka da iya matsewa abu ɗaya ne. Wanda ya fi sanin harshe shi ya fi iya gajarta shi.

Masana harshe sun karɓi wannan ra'i hannu bibbiyu. A 1953 Roman Jakobson da abokan aikinsa biyu sun gwada shi a kan sautukan Rashanci. Noam Chomsky kuwa, a 1956 da 1957, ya kawo hujjar cewa tsarin da ke duba abin da ya gabata kawai ba zai iya bayyana nahawun harshe ba. Shi kansa Shannon ya rubuta ɗan gajeren gargaɗi a 1956, yana jan kunnen masu ɗaukar ra'insa suna liƙa wa kowane fanni ba tare da gwaji ba.

Mutum Mai Son Wasa

Shannon mutum ne mai kunya, ba ya son taro, amma yana da son wasa. Yakan hau keke mai taya ɗaya a cikin barandar Bell Labs yana jefa ƙwallaye sama yana cafewa. A 1950 ya ƙera wani ɓeran inji mai suna Theseus, wanda ke neman hanya a cikin akwati mai lunguna 25, kuma idan ya gano hanyar sau ɗaya ba ya sake ɓata. A shekarar ce ya wallafa maƙala a kan yadda za a koya wa na'ura wasan dara na ces. Ya ƙera na'urar lissafi mai aiki da lambobin Rumawa. Ya kuma ƙera wani akwati wanda idan ka kunna shi, hannu zai fito daga ciki ya kashe makunnin ya koma.

A 1956 ya koma MIT, ya zauna da iyalinsa a garin Winchester. A 1961 shi da Edward Thorp suka haɗa wata 'yar na'ura da ake ɓoyewa a jiki don hasashen inda ƙwallon caca zai tsaya. Sannu a hankali ya rage wallafa bincike, ya koma ga ƙere-ƙerensa na gida da nazarin kasuwar hannun jari. Ya samu lambar yabo ta ƙasa a fannin kimiyya ta 1966, da lambar Kyoto ta Japan a 1985. Ya yi ritaya a 1978.

Masu Matse Bayanai

Shannon ya nuna iyaka, amma bai ba da hanya mafi kyau ta isa gare ta ba. Wasu ne suka ɗora. A 1951 Farfesa Robert Fano na MIT ya ba ɗalibansa zaɓi: ko su zauna jarrabawa, ko su rubuta takarda a kan hanya mafi inganci ta raba wa haruffa alamomi. Wani ɗalibi mai suna David Huffman ya zaɓi takardar, ya kuma gano hanyar da ta fi ta malaminsa. An buga ta a 1952.

A 1977 da 1978 Abraham Lempel da Jacob Ziv na ƙasar Isra'ila suka zo da wata dabarar. Maimakon ƙirga haruffa, sai a nemi maimaici. Idan wani jerin haruffa ya taɓa fitowa, ba sai an sake rubuta shi ba, sai a ce koma baya taku kaza ka kwafo haruffa kaza. Kamar dai malamin da ke cike rajista, idan garin ɗalibi ɗaya ne da na wanda ke samansa, sai ya sa 'yar alama maimakon ya sake rubutawa. Daga waɗannan dabaru aka samu manhajojin PKZIP ta Phil Katz a 1989 da gzip a 1992. Sai bzip2 ta Julian Seward a 1996, da 7-Zip ta Igor Pavlov a 1999.

Yadda Matsewa Ta Zama Jarrabawar Furosesa

Mai sayen kwamfuta yana son ya san wadda ta fi sauri. Lambar megahaz ko gigahaz da ake rubutawa a jikin kwali tana nuna yawan bugun agogon furosesa ne kawai, ba ta nuna yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu. An ga haka a fili a farkon shekarun 2000, lokacin da furosesar Athlon ta kamfanin AMD take gogayya da Pentium 4 ta Intel duk da cewa agogonta bai kai na Pentium ɗin gudu ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Hanyar da ta fi ita ce a ba kowace na'ura aiki iri ɗaya a duba agogo.

Don haka ne wasu kamfanonin kwamfuta suka kafa ƙungiyar SPEC a 1988, domin ta tsara jarrabawa ta bai-ɗaya. Jarrabawarta ta 1992 da ta 1995 suna ɗauke da manhajar compress. Wadda ake kira CPU2000 tana da manhajoji 12 a ɓangaren lissafin cikakkun lambobi, 2 daga ciki gzip da bzip2 ne. Ta 2006 ta riƙe bzip2, ta 2017 kuma ta kawo xz. A CPU2000 an ɗauki wata kwamfutar kamfanin Sun mai megahaz 300 a matsayin ma'auni, aka ba ta maki 100. An ƙayyade mata daƙiƙa 1,400 a aikin gzip. Na'urar da ta gama aikin cikin daƙiƙa 140 ta ninka ta sau 10, makinta 1,000 ke nan. Ana maimaita gwajin sau 3 a ɗauki sakamakon tsakiya. Haka kuma ana yin matsewar duka a cikin ma'ajiyar wucin gadi, don kada saurin faifai ya shiga lissafin.

Me ya sa aka zaɓi matse bayanai? Dalili na farko, aiki ne na gaske da mutane ke yi kullum. Na biyu, yana da sauƙin tantancewa, domin idan aka warware fayil ɗin dole ya dawo yadda yake, ba ragi ba ƙari. Na uku, yana gajiyar da sassa daban-daban na furosesa. Wajen matsewa, manhaja tana ta tsalle a cikin ma'ajiya tana neman inda jerin haruffa ya taɓa fitowa. Idan abin da take nema yana cikin 'yar ma'ajiyar da ke jikin furosesa, nan take za ta samu. Idan babu, sai ta jira a ɗauko daga babbar ma'ajiya, kuma wannan jira yana cin lokaci.

Wajen warwarewa kuma wani abu ne daban. Furosesar zamani ba ta tsayawa a mararraba ta jira amsa. Takan canki hanyar da manhaja za ta bi, ta fara aiki tun kafin ta tabbatar. Idan ta dace ta ci riba, idan ta kuskure sai ta zubar da abin da ta fara ta koma baya. To fayil ɗin da aka matse da kyau, an riga an cire masa duk abin da ake iya canka, saura tsantsar shakka. Saboda haka furosesa tana yawan kuskure a kansa, kuma nan ake gane wadda kuskure ke yi wa tsada. Wasan da Shannon ya yi da Betty da littafi a hannu, shi ne furosesa ke yi sau miliyoyi a daƙiƙa guda. Wannan ne ya sa gwajin da ke cikin 7-Zip yake ba da maki biyu, na matsewa daban, na warwarewa daban.

Sai dai wannan jarrabawa tana da iyakarta. Ba ta auna lissafin lambobi masu ɗigo da ake buƙata a aikin kimiyya. Sakamakonta yana canzawa idan aka canza sigar manhaja, ko irin fayil ɗin, ko yawan sassan furosesa da aka sa aiki tare. Fayil ɗin da aka riga aka matse, kamar hoton JPEG, ba ya ƙara matsuwa sosai, don ba sauran rara a cikinsa. Wanda zai kwatanta na'urori biyu dole ya daidaita duk waɗannan, in ba haka ba ya auna da mudu biyu.

Rashin Lafiyarsa da Rasuwarsa

A 1985 Shannon ya halarci taron masana fanninsa a garin Brighton na Ingila ba tare da an zata ba. Da aka gane shi aka nemi ya yi jawabi, sai ya yi 'yar gajeriyar magana, ya ciro ƙwallaye daga aljihu ya fara cafe. Bayan wannan lokaci cutar mantuwa ta Alzheimer ta fara kama shi. A shekarun da intanet ke yaɗuwa a duniya, ana aika fayiloli matsattsu ta hanyoyin da lissafinsa ya share, shi yana gidan jinya, tunaninsa yana gushewa. A shekarar 2000 aka kafa mutum-mutuminsa a Gaylord. Ya rasu ranar 24 ga Fabrairu, 2001, a garin Medford na jihar Massachusetts, yana da shekara 84.

Kammalawa

Mun ga yadda yaron da ya aika saƙo ta shingen gona ya girma ya auna rarar da ke cikin harshe, yadda wasu suka mayar da awon nasa manhajojin matse fayil, da yadda manhajojin suka zama ma'aunin saurin furosesa. Gwajinsa na 1951 bai buƙaci komai ba sai littafi da takarda da fensir da mutum mai haƙuri. Ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara mu gwada shi da Hausa. A ɗauki shafin labarin da ba wanda ya taɓa karantawa, a rufe shi, a sa wanda ya tashi da harshen ya canki haruffa 100, sannan a sa ɗan aji ɗaya da ɗan aji huɗu su yi haka. A rubuta sau nawa kowanne ya gwada kafin ya dace. Tazarar da za a gani tsakanin lambobin uku za ta nuna mana, a ƙirge, abin da shekarun karatunmu suka ƙara mana da abin da ya rage.